Tumbi, hawan jini da sukari sun haɗe mini: in koma kafson ganye?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 46, 'ya'yana biyar, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Wata uku da suka wuce ciwon kai ya kai ni asibiti, aka auna jinina aka samu 148/94. Sukarin safe kafin in karya 112, kitsen jinin da aka rubuta TG 180, wanda aka rubuta HDL 42. Nauyina kilo 88, ƙuguna inci 39. Likita ya ɗora ni a kan amlodipine 5mg, ya ce in rage ƙiba. Tun da na fara sha, ƙafafuna suke kumbura da yamma. Faccalata tana sayar da wani kafso ta WhatsApp, kwalbar wata guda naira dubu 28. A jikin kwalin an ce akwai koren shayi, berberine, kirfa, garcinia da kurkum. Ta ce in ajiye na asibiti domin shi ne yake cinye ƙoda, nata kuwa ganye ne zalla, yana narkar da kitse ya wanke jini. Mahaifiyata shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinta, ina jin tsoro. Me kuke ba ni shawara?

Uwar biyar, Gusau

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifiya, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Kada ki ajiye amlodipine, ko na kwana guda, kuma kada ki sayi wannan kafson. Akwai tsirran da za su iya taimaka miki, galibinsu ma suna cikin madafinki ko a kasuwar garinku, za mu faɗa miki yadda ake amfani da su da awonsu. Sai dai mu fara da takardar gwajinki, domin ita ce ta nuna girman aikin.

Abubuwa biyar likitoci suke dubawa, in uku suka haɗu a jikin mutum guda sai a ce cututtukan ƙiba sun yi masa taron dangi. Ƙugun mace ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi a tef ɗin tela (namiji santimita 94). Jini ya kai 130/85. Sukarin safe ya kai 100. TG ya kai 150. HDL, kitsen da yake kwashe dattin jijiyoyi, ya gaza 50 ga mace ko 40 ga namiji. Ke duka biyar ɗin kin cika su. Ba mu faɗa don mu tsorata ki ba. Har yanzu ba ki shiga ciwon sukari ba, domin sai awon safe ya kai 126 a gwaji biyu ake kiran sa haka. Kina bakin ƙofa ne, kuma daga nan ana iya komawa baya. In wata rana aka ba ki sakamako da ƙananan lambobi kamar 6.2, kada ki rikice: wasu ɗakunan gwaji da wani ma'aunin suke aiki, ki ninka lambar sau 18 za ki ga 112 ɗinki ne.

Tushen duka biyar ɗin guda ne, kitsen da ya taru a cikin ciki, a kewayen hanji da hanta. Wannan kitsen yana hana jiki jin umarnin insulin, sinadarin da yake shigar da sukari cikin tsoka. Sai jiki ya ƙara zubo insulin, ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, hanta ta riƙa mayar da rarar sukari kitse tana turawa cikin jini. Shi ya sa duk abin da bai taɓa tumbin ba, reshe kawai yake sarewa.

Batun kumburin ƙafa yanzu, tunda shi ne ya ba maganar faccalarki ƙarfi a zuciyarki. Amlodipine yana buɗe ƙananan jijiyoyin da suke kai jini ƙafa fiye da waɗanda suke mayar da shi, sai ruwa ya ɗan tsattsafa cikin nama a idon sawu. Yana ƙaruwa da yamma, ya fi yawa a mata da lokacin zafi, kuma mai wuni a zaune a kan kujera tana auna yadi ta fi samun sa. Ba alamar lalacewar ƙoda ba ce. Abin da yake cinye ƙoda shi ne hawan jinin da aka bari ba magani, sai ciwon sukari. Ki koma wurin likitanki ki nuna masa ƙafar da yamma, ko ki ɗauki hotonta a waya. Yana iya haɗa miki da wani magani irin su lisinopril ko losartan, wanda yakan rage kumburin, ko ya canza miki gaba ɗaya. Ki gaya masa in har yanzu kina ganin al'ada kuma ba kya tsarin iyali, domin waɗannan biyun ba a ba mai ciki. Ba a banza ya zaɓar miki amlodipine ba: binciken da aka yi a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta aka buga a 2019, ya nuna haɗin da yake da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Amma in ƙafa guda ce ta kumbura tana zafi, ko fuska tana kumbura da safe, ko numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, wannan ba na jira ba ne, ki tafi asibiti a ranar.

In kika daina shan maganin, ba za ki ji komai ba a makon farko, kuma nan haɗarin yake. Jinin zai koma inda yake a hankali, ke kuma kina yaba wa kafso.

To, kafson. Mu buɗe shi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko lissafi. Kafso guda, komai girmansa, abin da yake ɗauka bai cika wuce miligiram 500 zuwa 700 ba. Berberine kaɗai, a gwaje-gwajen da aka ga ya yi aiki, miligiram 500 ake sha sau biyu ko sau uku a rana. Kirfa kuwa da giram ake auna ta. Ta yaya tsiro biyar za su shiga kafso guda, kowanne da awon da zai yi tasiri? Ko dai abin da ke ciki ya yi kaɗan, kin zubar da dubu 28, ko kuma an tace wasu daga cikinsu sun yi ƙarfin da hanta ba ta so. Ki ɗauko kwalin ki duba: in an jera sunayen tsirrai sannan aka rubuta nauyinsu a dunƙule, ba a ware na kowanne ba, to babu likitan da zai iya gaya miki abin da kike haɗiya.

Kalmar "ganye ne zalla" ita ce take sa a yi wa rogo kallon kitse. Ganyen da aka jiƙa a ruwan zafi daban, sinadarin da aka tatso daga buhun ganye aka matse a ƙwaya daban. Koren shayi ya isa misali. Shan sa a kofi ba shi da laifi. Amma sinadarinsa mai suna EGCG, in aka tattara shi ya kai miligiram 800 a rana, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa yana taɓa hanta, kuma abin ya fi muni in an sha shi cikin yunwa, wato daidai yadda masu neman rama suke yi. Garcinia ɗin da ke kwalin ba namijin goro ba ne, duk da danginsu guda. Wani ɗan itace ne na Indiya da kudu maso gabashin Asiya, ramar da yake sawa ba ta taka kara ta karya ba, kuma an sha samun waɗanda hantarsu ta lalace bayan shan kayan rage ƙiba masu ɗauke da shi. Kurkum a miya ko a shinkafa lafiya lau. A kafso kuwa akan haɗa shi da sinadarin baƙin barkono, wanda yake ninka shigarsa jini har sau ashirin, kuma a Italiya a 2019 an kwantar da mutane da ciwon hanta saboda irin wannan haɗin. Kin ga uku cikin biyar ƙofar hanta suke ƙwanƙwasawa. Mai tumbi sau da yawa hantarta ta riga ta tara kitse. Ƙari a kan haka, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, akasari ba su sani ba.

Berberine ne mai ƙwari a cikinsu, ba za mu ɓoye miki ba. Sinadari ne rawaya mai ɗaci da ake samu a saiwa da ɓawon wasu tsirran Asiya. Wani ƙaramin gwaji a ƙasar Sin a 2008 ya nuna ya sauke sukari kusan kamar metformin, maganin sukari na asibiti, cikin wata uku, yana kuma rage kitsen jini. Ƙarfin nan nasa shi ne dalilin da za a ɗauke shi a matsayin magani, a sha shi da sanin likita. Yana rage saurin da hanta take narkar da magunguna da yawa, don haka yana iya sa amlodipine ko maganin kitse irin simvastatin su taru a jini fiye da kima. Yana kawo gudawa, kumburin ciki ko taurin bayan gida. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa sam, domin yana iya tsananta ciwon shawara a jariri har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga shi kuma metformin, wanda aka san awonsa da illarsa tun 1957, asalinsa daga wani tsiron Turai aka gano shi, kuma kuɗinsa na wata bai kai ko kusa da na kwalbar nan ba. In sukarinki yana buƙatar ƙwaya, ki tambayi likita game da shi.

Kirfa kuma iri biyu ce. Wadda ta cika kasuwanninmu, mai kaurin ɓawo da ta naɗe sau guda kamar bututu, tana da wani sinadari da yake wahalar da hanta in ya yi yawa. Ga mai nauyinki, ƙaramin cokali guda na garinta a rana ya riga ya kai iyaka. Ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da yake naɗe falle-falle yana farfashewa a hannu, ba ta da shi sai kaɗan. Sakamakon gwajinta a kan sukari ya saɓa wa juna, wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba. Ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kunu don ƙamshi, kada ki ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba.

Akwai abin da kwali ba ya faɗa. A ƙasashe da dama an kama kayan rage ƙiba "na ganye" da aka zuba wa sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. An kama na ciwon sukari da aka cusa wa glibenclamide, na ciwon gaɓoɓi da aka cusa wa dexamethasone, dukansu magungunan asibiti ne masu ƙarfi. Shayin rage tumbi kuwa sau da yawa filasko ne a ciki: ki yi ta zawo, sikeli ya nuna kin ragu da kilo biyu na ruwa, kitsen yana nan daram. Lambar NAFDAC ma a fahimce ta. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba cewa samfurin da aka kai ba guba ba ne, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka ce ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Wanda ba shi da lambar ma gaba ɗaya, ba a maganarsa.

Yanzu ga waɗanda muke ganin sun cancanci ki gwada.

Zoɓo ne kan gaba, kuma a kan hawan jini ya fi duk abin da ke cikin kafson nan hujja. A Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, an ba mutum 65 masu ɗan hawan jini ko dai shayin zoɓo kofi uku a rana ko wani abin sha mai kama da shi, na mako shida, aka buga sakamakon a 2010. Lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da kusan 7, ta sauran da kusan 1. Ki lura da adadin: 7. Ke kina 148, ana so ki sauko ƙasa da 130. Zoɓo zai taya amlodipine aiki, ba zai ɗauke masa kayan ba.

Awon da aka yi amfani da shi kaɗan ne, kimanin giram 4 na busasshen zoɓo a wuni, abin da bai cika tafin hannunki ba. Ki ɗauraye shi ki zubar da ƙura da yashi. Ki tafasa ruwa kofi uku, kwata uku na lita ke nan, ki sauke, ki zuba zoɓon, ki rufe minti 6 zuwa 10, ki tace. Kofi guda da safe, guda da rana, guda da yamma. Citta da kanumfari ba laifi. Sukari, zuma, garin ɗanɗano na leda da ruwan abarba mai yawa su ne suke mayar da shi cuta, kuma zoɓon ƙulli na bakin makaranta ba ya cikin wannan lissafi, ruwan sukari ne mai launi. Kada ki bar shi ya kwana a tukunyar alminiyam ƙirar gida, tsaminsa yana cin ƙarfen. Ki juye a kwalba ko mazubin silba. Ki kurkure baki da ruwa bayan kin sha saboda haƙora. In kina da gyambon ciki, ki sha bayan abinci, in ya tayar miki ki bari. Ki raba shi da ƙwayoyinki da awa biyu, kuma ki dakata da shi kwanakin da kike shan maganin zazzaɓin cizon sauro: wani bincike a Sudan a 1994 ya nuna zoɓo da tsamiya da lemon tsami suna rage shigar chloroquine cikin jini ƙwarai. In kika fara jin jiri idan kin miƙe tsaye, jinin ya sauka da yawa ne, ki auna ki sanar da likita ya rage miki ƙwaya da kansa.

Na biyu hulba, ita kuma ta ɓangaren sukari. Yauƙin da take yi in an jiƙa ta shi ne aikinta, yana rage saurin da sukarin abinci yake shiga jini. A Indiya an ba masu irin matsayinki, waɗanda ba su kai ga ciwon sukari ba, garin hulba giram 5 sau biyu a rana kafin abinci na shekara uku, aka ga waɗanda suka kamu da ciwon a cikinsu sun fi ƙaranci. Giram 5 ƙaramin cokali guda da rabi ne. Ki fara da rabin cokali sau guda na kwana huɗu, ki riƙa ƙarawa, in ba haka ba iska da gudawa za su sa ki tsane ta. Ki jiƙa da daddare ki sha da ruwan da 'ya'yan da safe, ko ki dama garin a ruwan ɗumi. Gumi da fitsari za su ɗauki warinta, ba cuta ba ce. Mun san yadda ake haɗa ta a gidaje don gyaran jiki, da madara da zuma da ayaba. Wannan haɗin ƙiba yake sawa, kishiyar abin da kike nema. Mai ciki ta bar ta. Wadda gyaɗa take sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ta bar ta, domin danginsu guda. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ma haka, domin hulba tana tsinka jini. Ita ma a ba ta tazarar awa biyu da magani, yauƙin yana riƙe ƙwaya a hanji.

Habbatus sauda tana da matsayi a zukatan Musulmi saboda hadisin da ya zo a Bukhari, kuma masu bincike sun gwada ta. A Saudiyya a 2010 an ba masu ciwon sukari giram 1, ko 2, ko 3 a rana na wata uku tare da magungunansu na asibiti, aka ga giram 2 ya fi, ƙarin zuwa 3 bai ƙara komai ba. Giram 2 bai cika ƙaramin cokali ba. Ki sayi ƙwayar ki daka da kanki ta kwana uku-uku, domin man da ake sayarwa a kwalabe sau da yawa an sirka shi, kuma garin da ya daɗe ya sha iska ƙarfinsa ya tafi. Kada ki haɗiye ta da cokalin zuma kullum: babban cokali na zuma sukari ne kusan giram 17. Manzon Allah (SAW) da ya yabi habba shi ne ya ce a nemi magani, babu karo tsakanin ita da ƙwayar likita.

Zogale, shuwaka da tafarnuwa ki ci su a matsayin abinci. Ganyen zogale a kwaɗo yana cika ciki ya rage gurbin tuwo, wannan ne babban amfaninsa gare ki. Gwajinsa a kan mutane ƙanana ne kuma ba su daidaita ba. Saiwarsa da ɓawonsa a nisance su. Tafarnuwa tana ɗan sauke jini, amma kafsonta yana tsinka jini, a daina shi mako biyu kafin tiyata. Jiƙe-jiƙen ɗaci na jarka, waɗanda ba a san abin da aka zuba ba, suna daga cikin abubuwan da suke kai mutane injin wankin ƙoda.

Ƙa'idar gwaji ita ce tsiro guda a lokaci guda, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ki fara, ki yi gwajin hanta da aka rubuta ALT, na ƙoda da aka rubuta creatinine, na ciwon hanta nau'in B, da HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin wata uku. Ki gaya musu in jininki AS ne ko kina da ƙarancin jini, domin suna iya karkatar da HbA1c. Ki nemi na'urar awon jini ta dantse, ba ta tsintsiyar hannu ba, kuma in kaurin dantsenki ya wuce santimita 32 ki sayi babban maɗauri, ƙaramin yana ƙara lamba ta ƙarya. Ki zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Awo biyu da safe kafin magani, biyu da yamma, kwana bakwai, ki rubuta a littafin da kike rubuta bashin atamfa. Sannan ki fara zoɓo. Bayan mako shida ki maimaita kwana bakwan. In lambar ba ta motsa ba, ba ya yi miki aiki. Hulba kuma a ba ta mako 12 a sake awon sukari.

Duk waɗannan ƙananan ma'aikata ne. Babban gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 masu sukari irin naki, wanda aka buga a 2002, ya nuna rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari. Metformin ya rage da kashi 31.  Kashi 7 na kilo 88 kilo 6 ne kacal, a cikin wata huɗu zuwa shida. Ba a ce ki koma jikin 'yan mata ba.

TG ɗinki na 180 daga sukari da garin masara da farar shinkafa yake zuwa fiye da daga mai. Kwalbar lemo ta rabin lita tana da sukari kusan giram 50, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a wuni. Ki fara da abin sha: lemo, maltina, shayi mai madarar gwangwani, kunu da fura masu sukari. Mako biyu bakinki zai saba. Malmalar tuwo ta koma guda, girman dunƙulen hannunki, miya ta yi yawa: kuɓewa, kuka, taushe, ayoyo, alayyahu. Shinkafa a haɗa ta da wake rabi da rabi. Tuwon alkama da ake ta yabo yana ɗaga sukari kamar sauran, yawan shi ne magana. Man girki a auna da cokali, a daina tuntsura galan a tukunya. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙaramin cokali guda a shafe, har da wanda yake cikin dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa, da garin ɗanɗanon taliyar leda. Daddawa, albasa, citta da attaruhu za su cike gurbin. Ki raba tukunyarki da ta gida in ya zama dole, ko da yake maigida da yaran ma za su amfana.

Tafiya kuwa ba sai kin fita titi ba. Minti goma bayan kowane cin abinci, kina kewaya tsakar gida da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera karatu ba, ya ba ki minti 30 a rana, kuma tafiyar bayan abinci ita ce ta fi kwashe sukari daga jini. In masu saye suka yi yawa, ki miƙe duk rabin awa, ki ɗauko kaya da kanki maimakon ki aiki yara. Ki auna ƙugu sau guda a mako da safe, tef a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan kin fitar da numfashi, ba tare da matse ciki ba.

Ki duba durowarki ma. Diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa suna ɗaga jini su wahalar da ƙoda. Mayukan ƙara hasken fata da yawa suna da sinadarin da yake ratsa fata ya kawo hawan jini da sukari da tumbi. Ƙwayoyin mura masu buɗe hanci su ma suna ɗaga jini. In maigida yana cewa kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana tsayawa, ki faɗa wa likita, yana daga cikin abubuwan da suke hana jini sauka.

In kin riga kin fara shan kafson kafin wasiƙarki ta iso mu, ki tsaya yau, ki tafi da kwalbar wurin likita ko mai harhaɗa magunguna, a yi miki ALT. Idanu su yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya da ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, alamun hanta ne. Rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa mai tsanani alamar sukari ya faɗi ne, ki sha babban cokali guda na sukari a ruwa nan take sannan ki nemi asibiti. Saboda tarihin mahaifiyarki, ki koya wa manyan 'ya'yanki alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare guda ta mutu, magana ta sarƙe. Ko guda aka gani, ko awo ya kai 180/120 da ciwon kai ko dishi-dishin gani, a sa ki a mota, ba a tsaya jiƙa komai ba.

Faccalarki kuwa ba mugunta take nufi ba, abin da aka koya mata take maimaitawa, kuma akwai zumunci a tsakaninku da ya kamata a kiyaye. Ki ce mata likita ya hana ki haɗa komai da maganinki sai an gama gwajin hanta, wannan gaskiya ce kuma ba ta da zafi. Ki roƙe ta, don Allah, ta daina ce wa masu hawan jini su ajiye ƙwayarsu, ta kuma riƙa tambayar duk macen da za ta saya ko tana da ciki ko tana shayarwa. Daga cikin dubu 28 ɗin nan ki fara sayen na'urar awon jini, abin da ya rage ki kai ɗakin gwaji.